Tsutsar masara a Sokodé da Dapaong: me kwanakin uwar ke yi wa ƙwanta?

Tsutsar da Faransanci ke kira chenille légionnaire d'automne daga nahiyar Amurka ta fito. A shekarar 2016 aka fara tabbatar da ɓullarta a Afirka ta Yamma, kuma Togo na cikin ƙasashen farko. Manoman masara na kewayen Sokodé da Dapaong sun san ta sarai: ganye a huhhuje, ga kashi kamar dusa a zuciyar shuka.

Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, wanda galibi bai wuce kwana 10 zuwa 14 a duniya. Shi ya sa kowane dare ke da muhimmanci gare ta. Macen kan sauka a kan ganye ta saki wani ƙamshi, feromon, namiji ya bi shi cikin iska har ya same ta. Idan barbara ta faru a kwanakin farko bayan fitowarta daga ƙasa, takan zuba ƙwai dunƙule-dunƙule, 100 zuwa 200 a wuri guda, jimla sama da 1,000. Idan kuwa aka yi jinkiri, ƙwan kan ragu, waɗanda ke ƙyanƙyashewa ma su ragu, domin ƙarfin da ta tara tun tana tsutsa yana ƙarewa. A ire-iren waɗannan ƙwari da dama, macen da ta daɗe ba ta samu namiji ba takan fara kira tun da farkon dare, kafin ƙananan su soma. Tsufan namiji shi ma yana rage haihuwa.

A kan wannan aka gina dabarar cika gona da feromon na roba don namiji ya ɓata hanya. Ba sai an hana barbara gaba ɗaya ba, jinkirin 'yan darare ma riba ce. Amma dabarar tana son fili mai faɗi da kuɗi, ba ta dace da ƙaramar gona ita kaɗai ba.

Tarkon feromon ɗaya ko biyu da malaman gona ke ratayawa aikinsa daban ne: ƙidaya. Maza kawai yake kamawa. In suka yawaita a ciki, a duba ganye nan take, don ƙwai na ƙyanƙyashewa cikin kwana 2 zuwa 3, kuma ƙaramar tsutsa ta fi sauƙin kashewa kafin ta shige zuciyar masara.