Daga Kalkata zuwa Katsina: tafiyar wata jimlar doka

Maraɗi da Katsina harshe ɗaya, dangi ɗaya, addini ɗaya, amma a kan mu'amalar jinsi ɗaya kundin da aka gada a kowane gefen iyaka daban ne. Dalili kuwa, Nasaran da suka mulke mu ba ɗaya ba ne.

Ni da nake karatun harsuna, wata jimla na bi sawunta. A 1837 wani Bature, Tomas Makoli, ya tsara wa Indiya daftarin kundin hukunta laifuka a Kalkata, aka zartar da shi a 1860. Sashe na 377 ya haramta saduwar da ta saɓa wa tsarin halitta. Ba a ambaci aikin da sunansa ba, an bar wa alƙali da ɗan sanda su cika ma'anar. Daga kundin Indiya aka kwafo na Sudan, daga na Sudan aka kwafo na Arewacin Najeriya da ya fara aiki a 1960. Jimlar tana nan a sashe na 284, da kaso har shekara 14. Wato ta ƙetare teku da hamada ba ta sauya riga ba. Daga baya aka ɗora kundin shari'a na jihohi wajen 2000, sannan dokar da Jonathan ya sa wa hannu a 2014, wadda ta haɗa har da ƙungiyoyi da taruka.

Faransa kuwa tun 1791 ta cire wanga laifi daga kundinta. Gwamnatin Bishi ce a 1942 ta sako hukunci idan ɗaya daga cikin biyun bai kai shekara 21 ba. Kundinmu na Nijar na 1961 irin wanga sharaɗi ya ɗauko, alhali Faransa ta soke nata a 1982. Ita ma Ingila ta fara warware tata dokar tun 1967.

Kar a ce na ce Turawa suka kawo hanin. Malamanmu sun haramta luwaɗi tun kafin Bature ya tako ƙasar Hausa. Amma fiƙihun da ya hana, shi ya tsananta sharuɗɗan shaida, ya hana leƙen asirin mutane da ƙazafi. Jimlar Makoli ba ta zo da wannan katanga ba. Inda kalma ba ta da iyaka, zargi kaɗai ya isa a kama mutum, a tatse shi kuɗi, ko ya ji tsoron zuwa likita. Ɗan daudu mai sayar da abinci a tasha, tafiyarsa da maganarsa kawai sai su zama hujja.

Ta nan maganar ta shiga haƙƙin ɗan Adam. A 1994 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce dokar Tasmaniya, a Ostareliya, ta keta sirrin rayuwar wani mai suna Tunen. Kotun ƙolin Indiya, inda jimlar ta fito, ta cire manya masu yardar juna daga sashe na 377 a 2018. Kotun Botsuwana ta bi sahu a 2019. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ma, a ƙuduri na 275 da ta yi a Luwanda a 2014, ta nemi a daina cin zarafin mutane a kan wannan zargi. Wasu kuma gaba suka ƙara: Yuganda a 2023, Mali a 2024.

To, ƴan'uwa ɗalibai, kowa da imaninsa, ban zo taɓa shi ba. Amma duk randa aka kawo muku irin wagga doka da sunan al'adarmu, ku karanta kalmominta ɗaya ɗaya. Ku tambaya daga wane kundi aka kwafo su, wa zai fassara su a ofishin ƴan sanda, kuma mi zai kare wanda aka yi wa ƙarya.