Tarihin Muhawara Kan Zubar da Ciki da Lokacin Shigar Rai

Yaushe ɗan tayi ke zama mutum wanda taɓa shi kisan kai ne? A mafi yawan tarihi, masana sun ɗauka cewa darajarsa tana ƙaruwa ne mataki-mataki, don haka gardamarsu ta ta'allaƙa a kan ranar da rai ke shiga.

A ƙasar Girka, Aristotal (384–322 kafin haihuwar Annabi Isa) ya ce ɗan tayi namiji yana fara motsi a kwana 40, mace a kwana 90, kuma ya yarda a zubar da ciki kafin rai da ji su samu. Malaman Yahudawa kuwa sun fifita ran uwa idan naƙuda ta yi tsanani, muddin jaririn bai fito ba.

Cocin Katolika ta la'anci zubar da ciki tun farko, amma ta daɗe tana bambanta hukunci kafin shigar rai da bayansa, ra'ayin da malamin cocin, Toma Akwinas, ya ɗauko daga Aristotal. Paparoma Sixtus V ya soke bambancin a 1588, Gregory XIV ya maido da shi a 1591, sannan Pius IX ya kawar da shi a 1869. A tsakanin nan, a 1827, masanin kimiyya Karl von Baer ya gano ƙwan mace a dabbobi masu shayarwa, abin da ya ƙarfafa masu cewa rayuwa tana farawa da ɗaukar ciki.

A Musulunci, jigon maganar shi ne hadisin Ibn Mas'ud da Bukhari da Muslim suka rawaito: kwana arba'in ɗigon maniyyi, arba'in gudan jini, arba'in tsoka, sannan a hura rai. Bayan kwana 120 malamai sun haɗu a kan haramci, sai dai na baya sun yi rangwame idan ran uwa na cikin haɗari. Kafin nan ne aka saɓa. Wasu Hanafiyya sun halatta saboda uzuri. Imam Gazali ya ce laifi ne tun daga farko, yana ƙara girma yadda cikin ke girma. Malikiyya, mazhabar ƙasar Hausa, sun fi tsanani: a mashahurin zancensu, da zarar maniyyi ya zauna a mahaifa ba a fitar da shi, ko kafin kwana 40.

A ƙarni na 20 maganar ta koma hannun majalisu da kotuna, aka shigo da haƙƙin mace a kan jikinta. Rasha ta halatta a 1920, Birtaniya a 1967, Tunisiya a 1973 cikin wata ukun farko. A shekarar 1973 ɗin Kotun Ƙolin Amurka ta halatta, ta sa iyaka a lokacin da ɗan tayi zai iya rayuwa a wajen mahaifa, amma a 2022 ta warware hukuncin, ta bar wa jihohi. Kundin Penal Code da ke aiki a arewacin Najeriya tun 1960 ya haramta zubar da ciki sai don ceton ran uwa.