Daga Cygnus A zuwa duwatsun Toro

A 1946 wani masani ɗan Ingila, James Stanley Hey, da abokan aikinsa suka kama wata ƙarar rediyo mai ƙarfi tana fitowa daga wani lungu na sararin samaniya. Da ragowar na'urar hango jiragen yaƙi suka yi aikin, ta yaƙin duniya na biyu. Aka raɗa wa wurin suna Cygnus A. Sai dai na'urorin wancan zamani ji kawai suke yi, ba sa iya nuna takamaiman inda ƙarar take, kamar mai jin kiɗan ganga da dare bai san daga wace unguwa ba.

A 1951 Graham Smith na Jami'ar Kambirij ya auna wurin sosai, ya aika wa Walter Baade a Kaliforniya. Baade ya juya madubin hangen nesa na dutsen Palomar, mai faɗin mita 5, ya ɗauki hoto. Abin da ya fito ɗan dusu-dusu ne, amma da shi da Rudolph Minkowski suka tantance haskensa, sai ga shi gungun taurari ne guda, wanda haskensa ke shafe ɗaruruwan miliyoyin shekaru kafin ya iso mu. Sun zaci gungu biyu ne suka yi karo. Yau an san wani ƙaton baƙin rami ne a tsakiya ke feso wuta gabas da yamma, kuma tun 1953 wasu masana biyu, Jennison da Das Gupta, suka gano cewa daga ɓangarori biyu ƙarar ke fitowa. Haka sana'ar ta kafu: rediyo ya ji, madubi ya duba, ya faɗi nisa.

Najeriya ba 'yar kallo ba ce. Samuel Okoye, wanda ya yi digirin farko a Ibadan, yana aiki da Antony Hewish a Kambirij a 1965 suka gano wani ɗan ƙaramin tushen rediyo a cikin wani gajimaren samaniya da ake kira Crab Nebula, wanda daga baya aka tabbatar tauraro ne mai juyawa yana walƙiya. Ya dawo gida ya dasa wannan ilimi a Nsukka. Abin takaici, ɗalibai da yawa kan gama kimiyyar lissafi da fiziks ba su taɓa jin sunansa ba.

Ina ruwan Bauchi? Wanda ya bar garin ya kama hanyar Jos zai bi ta Toro, inda hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, ta kafa cibiyar auna doron ƙasa da motsinsa. Masu wannan fanni a duniya sun dogara da abubuwa masu nisa irin Cygnus A, domin tsananin nisansu ya sa ba a ganin sun gusa. Farantan rediyo biyu da ke ƙasashe daban sukan saurari abu guda lokaci ɗaya, agogo mai tsananin daidaito ya nuna wanda saƙon ya fara isa, daga nan a lissafa tazarar da ke tsakaninsu. Da haka aka auna yadda nahiyoyi ke gusawa 'yan santimitoci a shekara.

Gana ta riga ta nuna hanya mai sauƙin kuɗi ta samun irin wannan faranti. A 2017 ta ƙaddamar da tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 da ke Kuntunse, bayan an mayar da shi na'urar sauraren samaniya. Irin wannan ya dace da Toro, ga daskararren dutse, ga ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a kusa da za su koyi sarrafa shi.