Daga Ikoyi Zuwa Phoenix: Tarihin Gasar Da Dattawan Ƙwallon Lambu Ke Rufe Shekara Da Ita



Da yawanmu mun sha wucewa ta gefen filin ƙwallon lambu, wato golf, a Inugu ko Fatakwal, mu hango masu hali suna tafe, samari na biye da su ɗauke da jakar sanduna. Mun ɗauke shi wasan manya, babu ruwanmu da shi. Amma tarihinsa ya ratsa ta ƙasarmu fiye da yadda muke zato, har ya haɗa Legas da wata gasa ta dattawa da ake yi kowace shekara a Amurka.

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo wasan, kuma duk inda suka tare sai sun share masa fili. Masu haƙar kuza sun yi nasu a Rayfield da ke Jos, wanda ake danganta kafuwarsa da 1913. Kano, Kaduna da Zariya duk sun samu nasu. A nan gabas, kwal ɗin da aka gano a Inugu a 1909 shi ya sa aka gina Fatakwal da layin dogon da ya haɗa garuruwan biyu. Jirgin da ya kawo kakanninmu fatake da 'yan ƙwadago, shi ya kawo ma'aikatan Turawa da sandunansu. A wancan zamani rabon ɗan ƙasa a filin bai wuce ɗaukar jaka da neman ƙwallon da ta ɓace a ciyawa ba. Ta wannan ƙofa da yawa daga cikin ƙwararrunmu suka koyi wasan.

Bayan samun 'yanci aka fara gasar Nigerian Open, wadda aka fi yi a kulob ɗin Ikoyi a Legas. Lokacin da sanyi ya rufe Turai, 'yan wasanta kan gangaro Afirka su zaga Najeriya, Kenya da Zambiya. Sandy Lyle ɗan Sikotland a nan ya fara cin kofi a matsayin ƙwararre a 1978, kafin ya ci British Open a 1985 da Masters a 1988. A 1981 Peter Tupling ya kammala ramuka 72 da bugu 255 kacal, bajintar da duniya ta daɗe tana ambato. Sai 1988, wani saurayi ɗan tsibirin Fiji mai suna Vijay Singh, wanda ya yi zaman koyar da wasa a wani ƙaramin kulob a Borneo, ya zo ya ɗauke kofin, ya sake ɗaukarsa a 1989. Mu riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da shi.

A daidai waɗannan shekaru, Amurkawa na fama da wata tambaya: ina za a kai gwanin da ya tsufa? A ƙwallon lambu babu albashi, abin da ka ci a fili shi ne naka. Idan ƙarfi ya ragu, samari suka fi ka nisan bugu, abinci ya yanke. A 1978 aka gwada wata gasa ta tsofaffin gwanaye mai suna Legends of Golf, aka ga jama'a na son kallon mutanen da suka taso suna jin sunansu. Don haka a 1980 hukumar PGA Tour ta buɗe rukuni na musamman ga dattawan wasan, wanda a yau ake shigarsa da shekara 50.

A 1990 aka ƙara masa gasar rufe shekara, wadda waɗanda suka fi ƙwazo a kakar kaɗai ke shiga. An fara ta a tsibirin Puerto Rico, Mike Hill ya ci karo biyu na farko. Daga nan ta koma Myrtle Beach, ta je Oklahoma, ta zauna a Sonoma ta jihar Kalifoniya, kuma tun 2017 take a birnin Phoenix. A 2001 kamfanin hada-hadar kuɗi na Charles Schwab ya sa kofi da ladan dala miliyan ɗaya ga wanda ya fi tara maki a shekara, sannan daga 2003 gasar ta ɗauki sunan Charles Schwab Cup Championship. Tom Watson ya ci ta sau uku. Haka ma Jim Thorpe, baƙar fata ɗan mai kula da ciyawar fili, a 2003, 2006 da 2007.

Ba a rasa taƙaddama ba. A 2016 aka kawo tsarin tacewa: mutum 72 su fara, a rage zuwa 54, sannan 36 su isa wasan ƙarshe. A 2017 Bernhard Langer ɗan Jamus ya ci gasa bakwai, amma saboda an sake lissafin maki kafin wasan ƙarshe, Kevin Sutherland da ya yi nasara sau ɗaya tak ya tafi da kofin shekara. Surutu ya yi yawa har aka gyara dokar, domin kada mako ɗaya ya shafe wahalar wata goma.

A 2018 Vijay Singh, yana da shekara 55, ya buga 61 a ranar ƙarshe ya lashe gasar, shekara 30 cif bayan kofinsa na farko a Legas. A tsakani ya ci Masters a 2000, ya zama na ɗaya a duniya a 2004. Shi kuwa Langer, ɗan magini wanda ya fara da ɗaukar jaka tun yana yaro, ya ci kofin shekara sau shida. A 2024, watanni bayan tsinkewar jijiyar agararsa, ya lashe gasar ƙarshen yana da shekara 67.

A gida kuwa, Nigerian Open ta fita daga jerin gasannin Turai tun shekarun 1990, martabarta ta dushe. Filayen suna nan, masu ɗaukar jaka suna nan, amma ƙwararren da ya manyanta ba shi da wani dandali mai tsoka irin wancan. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san dattawa a kasuwar shanu, a tashar manyan motoci da wurin 'yan canji, waɗanda suka fi kowa sanin sana'a, amma da ƙarfi ya tafi sai aka bar su da tabarma da tasbaha. Mutanen golf ba sadaka suka ba tsofaffinsu ba. Fili suka ware musu da doka da lada, suka ci gaba da cin guminsu, jama'a kuma na biya don su kalla.

Allah ya ba dattawanmu lafiya, ya sa mu gama da duniya lafiya.