Igwar da aka ƙera don sama, ta ƙare tana kallon ƙasa

Duk ranar da jirgin yaƙi ya keta samaniyar Jos, sai musu ya kaure a rumfunan Farin Gada: wannan ya ce na Rasha ne gaba, wancan ya ce Amurka ba ta da sa'a. Da wuya a tabo zancen igwar da ke jikin jirgin, alhali ita ce ke faɗa maka abin da maƙera suka nufa da shi.

Ɗan Filato ne ya buɗe wannan babi a Najeriya. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, rundunar sojin sama shekararta uku kacal da kafuwa, kuma ba ta da jirgin faɗa na kirki. Birtaniya da Amurka suka ƙi sayar da jiragen yaƙi ga Yakubu Gowon, wanda filin jirgin Heipang ke ɗauke da sunansa yau, sai ya juya ga Tarayyar Soviet. A watan Agusta aka fara sauke MiG-17 a filin jirgin Kano, aka ɗauko matuƙa daga Masar.

MiG-17 na da igwa uku a ƙarƙashin hancinsa: biyu masu milimita 23, ɗaya mai milimita 37. Harsashin babbar ya kai kaurin ƙaramin tumatirin da ake zubawa kashi-kashi a Farin Gada, nauyinsa ya haura rabin kilo, kuma yana fashewa idan ya samu abu. Sai dai guda 40 kawai jirgin ke ɗauka, matuƙi mai garaje zai ƙarar da su cikin 'yan daƙiƙu. Wannan tsari gado ne daga MiG-15, wanda aka shirya domin kakkaɓo manyan jirage masu jefa bam irin B-29. A yaƙin Koriya MiG-15 ya yi karo da F-86 Sabre na Amurka, mai bindigogi shida na milimita 12.7. Sabre ruwan harsashi yake yi, ya samu abokin gaba sau da yawa amma bai cika kashe shi nan take ba. MiG kuwa yakan kuskure, amma in ya dace sau ɗaya ko biyu, an gama.

Daga baya Amurkawa suka ɗauka makami mai linzami ya kashe kasuwar igwa, har suka ƙera F-4 Phantom ba ita. A Biyetnam tsofaffin MiG-17 suka riƙa matse shi kusa-kusa, inda linzamin ba ya aiki, dole aka dawo da igwar Vulcan mai baki shida, wadda ke aman harsashi 6,000 a minti.

A nan gida ba a yi irin wannan kokawa ba, domin Biyafara ba ta da jirgin da zai tsaya wa MiG. Abin da ya fi cutar da shi ma a ƙasa ya same shi: a Mayun 1969 Carl Gustaf von Rosen, ɗan Suwidin, ya zo da ƙananan jirage masu farfela ɗauke da roka, suka afka wa filayen Fatakwal da Benin da Inugu, suka lalata jirage a fake. Harbin sama da sama da aka fi tunawa a yaƙin kuma ba abin alfahari ba ne. Ranar 5 ga Yunin 1969 wani MiG-17 ya harbo jirgin agaji na Red Cross ƙirar DC-7 kusa da Eket.

Bayan yaƙi an ci gaba da saye. MiG-21 ya zo a tsakiyar shekarun 1970 da igwa mai baki biyu ta milimita 23, Jaguar 18 suka zo daga Birtaniya a 1984 da igwa ta milimita 30, ba su daɗe ba aka jingine su. F-7 na Sin ya biyo, sannan JF-17 guda uku daga Pakistan a 2021, wanda igwarsa jinin ta MiG-21 ce.

Amma wanda ya yi wa ƙasar bauta shi ne Alpha Jet, jirgin koyon tuƙi na Faransa da Jamus da aka sayo a farkon shekarun 1980, wanda igwarsa ma ɗaura masa ake yi a ƙarƙashin ciki. Shi ya je Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, shi ya shiga Sambisa. A ganina mai musun wane jirgi ya fi gudu ya bar jaki yana dukan taiki, don harbi da igwa sai an sauko ƙasa-ƙasa, inda bindiga mai jigida ke iya kaiwa. Ranar 18 ga Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo wani Alpha Jet a yankin Zamfara, matuƙinsa Abayomi Dairo ya dira da lema, ya sha da ƙyar a daji.

A shekarar ce kuma aka fara kawo Super Tucano 12 daga Amurka, aka girke su a Kainji. Farfela gare su, ba su kai rabin gudun JF-17 ba, amma suna iya daɗewa suna shawagi a kan daji guda. A fukafukansu akwai bindigogi biyu na milimita 12.7, girman na Sabre ɗin Koriya.