Kawo da Ruwan Malali

Kawo ce ƙofar Kaduna ga wanda ya baro Zariya. Ga tashar mota, ga Kasuwar Talata, ga sabuwar gadar sama da Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2022. Nan hanya ke rabuwa, ɗaya ta nufi Mando, ɗaya ta bi titin Ali Akilu zuwa cikin gari. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne inda ruwan unguwar ke fitowa.

Kogi ne ya kafa Kaduna. Ruwansa da layin dogo suna cikin dalilan da suka sa Turawa suka taso hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Har 'yar gadar ƙarfen Gwamna Lugga aka ciro daga can, yau tana cikin lambun Gamji a bakin kogi. Da gari ya miƙe arewa, tsohon gidan ruwa na kudancin gari ya gaza, sai aka gina na Malali, gabas da Kawo. An tsara tsohon sashensa da sabon su tace lita miliyan 240 a rana. Ana janyo ruwan kogi jajawur, a zuba alif laka ta kwanta, a tace da yashi, a sa kulorin, sannan injina su tura shi cikin bututu.

Sai dai kogin Kaduna ba ya cika alkawari da rani. Zuwa watan Maris duwatsu duk sun fito fili. Shi ya sa a shekarun 1970 aka datse rafin Kangimi, kusa da Mararrabar Jos a ƙasar Igabi, don a tara ruwan damina a riƙa sako shi idan kogi ya ja baya. A ganina, wannan aiki bai samu yabon da ya cancanta ba. Mutane da yawa sun sha ruwan Kangimi shekara da shekaru ba su taɓa ganin madatsar ba.

Yau jama'a ta fi ƙarfin bututun. Hayin Banki, Unguwar Dosa da Rafin Guza sun cika maƙil, bututu sun tsufa, kuma in babu wutar lantarki injin ba ya tura ko ɗigo. Da asuba za ka ga ɗan garuwa ya danna ƙirji a kura, jarkoki na zuba a kan sawunsa, yana hawa tudu daga rijiyar burtsatse. Mai hali ya haƙa tasa ya ɗora tanki a sama. Marar hali, wanda ya fi kowa buƙatar famfo, shi ke sayen ruwa jarka-jarka, ya raba tsakanin girki, wanki da alwala, alhali gidan ruwan Malali tafiyar 'yan mintuna ce daga ƙofar gidansa.