Tambaya 15, Naira Miliyan 10: Tarihin Shirin Who Wants to Be a Millionaire a Nijeriya

A watan Oktoba na 2004 ne 'yan Nijeriya suka fara ganin Frank Edoho a talabijin yana yi wa mutane tambayoyi kan kuɗi masu tsoka. Shirin ba a nan aka haife shi ba. Tashar ITV ta Ingila ce ta fara nuna shi a 1998, Chris Tarrant na gabatarwa, daga nan ƙasashe suka riƙa sayen izinin yin nasu. Namu kamfanin Ultima ne ya shirya, MTN ta ɗauki nauyi. Shekara uku ke nan da shigowar wayar salula, kuma ta waya ake neman shiga gasar, don haka kamfanin ya san inda ya zuba kuɗinsa.

Tun da NTA na cikin tashoshin da ke watsa shi, ya iso har garuruwa irin Wudil, inda malamai da ɗalibai suke da yawa, musamman bayan buɗe jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kano a 2001. In an yi sa'a akwai wuta, ɗaki guda sai ya kasu gida biyu kan amsa ɗaya, kowa na rantsuwa tasa ce daidai.

Ƙa'idojin su ne ƙashin bayan shirin, ga yadda suke a shekarunsa na farko. Da farko ana tara masu neman shiga a ba su abubuwa huɗu su jera, wanda ya riga kowa jerawa daidai shi ke hawa kujera. Daga nan tambaya 15 ce, kowacce da amsa huɗu, ana tafiya tana ƙara tsauri, kuɗi na ƙara hawa. Akwai zango biyu, a tambaya ta 5 da ta 10. Wanda ya wuce su ko ya faɗi a gaba, kuɗin zangon nasa ne. Akwai kuma agaji uku: a goge amsa biyu marasa kyau, a buga wa aboki waya na daƙiƙa 30, ko a nemi ra'ayin 'yan kallo.

Amma dokar da na fi girmamawa ita ce wadda ta ba mutum damar ya ga tambaya, ya ce bai sani ba, ya ɗauki abin da ya tara ya tafi. A nan ake gane hali. Mai kwaɗayi ya yi cinke ya zubar da rabonsa, mai hankali ya tuna cewa gwamma guntun gatarinka da sari ka ba ni. Yara da dama sun ga a idon duniya cewa faɗin "ban sani ba" ba abin kunya ba ne.

Babbar kyautar ta fara da naira miliyan 5, daga baya ta koma miliyan 10. Sai a 2009 Aroma Ufodike ya amsa duka 15 ya tafi da miliyan 10 cur. A 2017 MTN ta janye, shirin ya tsaya bayan shekara 13. Ya dawo a 2022 da sabbin masu ɗaukar nauyi, kyautar ta kai miliyan 20, Edoho kuma ya koma kujerarsa.

Abin da ke damuna shi ne harshe. Indiya ta fara nata, Kaun Banega Crorepati, tun 2000, da harshen Hindi, Amitabh Bachchan da Bahaushe ya sani a fim shi ne mai tambaya. Namu da Turanci aka yi shi. Dillalin shanu a karar Wudil ta ranar Juma'a, wanda ke lissafin miliyoyi da ka, ko malamin zaure da ya san tarihin sarakunan Kano tun daga Bagauda, ba su da hanyar hawa wannan kujera. Kano na da ARTV tun zamanin Abubakar Rimi, ga Arewa24 tun 2014, ga 'yan kasuwar da za su iya sa kuɗin kyauta. Masu amsa tambayoyin kuwa suna nan cike da zaure da kasuwa.